Ko Ƙafata, Ko Motar

Kujera biyu gare ta, ƙofa biyu, ga ta ƙasa-ƙasa har cikinta na shafar duk wani tudun rage gudu da aka gina a titi. A Keffi kuwa da yawan dangin da mota za ta kwasa zuwa ta'aziyya ake auna ta, saboda haka tun ranar da na shigo da ita unguwarmu ta Jigwada aka raɗa mata suna motar marowaci. Ko a jikina. A Abuja na tsince ta, a bayan gidan wani ɗan kwangila, an ɗora ta a kan bulo, kaji sun mai da ita wurin saka ƙwai. Tsohuwar motar tsere ce, ruwan ɗorawa, an ƙera ta tun ina ɗan sakandare. Na saya, aka jawo mini ita da igiya har Sabon Gari, garejin aminina.

Aminin nan nawa bakanike ne, benci ɗaya muka zauna a firamare. Shi ya bi sifana, ni na bi biro har na zama ma'aikacin gwamnati, ina kwana a Keffi ina aiki a Abuja. Yana ce mini Ɗan boko, ina ce masa Baƙin mai, kuma duk wanda ya ji mu muna musu sai ya ɗauka yau za a raba gari. Mu biyu muka ta da motar nan daga kabari. Duk Asabar ina garejinsa da tsohuwar riga, yana kwancewa ina wankewa da fetur, yana ɗaurawa ina miƙa noti. A hannunsa na koyi duk abin da na sani game da inji, kuma ba kaɗan na sani ba.

Shi ya nuna mini sirrinta. Kafiretarta, wato inda iska da mai ke haɗuwa kafin su shiga inji, maƙogwaro biyu gare ta. Na farko shi ke aiki a cikin gari, ka tafi sannu-sannu kamar kowa. Na biyu a rufe yake, ba ya buɗewa sai ka taka totur ya wuce rabi. Da zarar ya buɗe sai muryarta ta sauya, ta yi wani irin gurnani, ka ji kujera ta turo ka ta baya. Akwai wani dogon hawa a hanyar Akwanga, in ka bar gari ka shiga gonaki, inda manyan motoci ke rarrafe suna hayaƙi. Can nake zuwa ranar Lahadi da yamma in buɗe mata maƙogwaron. Ina son gudu, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma duk tsawon shekarun nan ko akuya ban taɓa bugewa ba.

Doka ɗaya na kafa: ba mai tuƙa ta sai ni. Ba ƙanena, ba 'ya'yana, ba shi kansa aminin nawa, sai dai ya matsar da ita daga rana zuwa inuwa a cikin gareji. Matata ta taɓa shiga, muka je Garaku gaisuwa, muna dawowa ta fita tana salati, ta ce ita da wannan makara mai taya sai dai kallo.

Sai hawan jini ya buge ni. Ina alwala a bakin rijiyar gida buta ta suɓuce mini, na nemi in miƙe ƙafar dama ta ƙi. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ƙarama, Allah ya taƙaita. Na yi makonni a asibiti, na yi watanni ina zuwa gashin ƙashi. Hannu ya dawo sarai. Ƙafa ma ta dawo, ina takawa har masallaci ba sanda, sai dai tafin ƙafar ya zama kamar na sa safa mai kauri, ina jin ƙasa amma daga nesa. Likitan ya ce zan iya komawa tuƙi a hankali. Ya ƙara da cewa in kula, irin wannan ƙafa takan yaudari mai ita, mutum ya ɗauka ya taka da ƙarfi alhali bai taka ba. Matata na zaune a gefena lokacin da ya faɗi haka.

Duk tsawon jinyar motar na garejin aminina. Matata ce ta sa ya zo ya ja ta, wai kada batir ya mutu, ɓeraye su cinye wayoyi. Ranar da na je ɗauko ta na same ta an wanke, an goge, sai ƙyalli take yi. Na zauna, na murza makulli, ta amsa bugu ɗaya. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido. A cikin gari lafiya lau, giya na shiga, birki na kamawa. Na daure na ɗan lokaci ina zagaya gari kamar mai koyon tuƙi, sannan wata Lahadi na ɗauki hanyar Akwanga.

Na iso gindin hawan, na sauko da giya, na taka. Ba abin da ya faru. Tana tafiya, ba ta shaƙe ba, ba ta yi tari ba, amma gurnanin bai zo ba, kujera ba ta turo ni ba. Na ƙara dannawa har cinyata na rawa. Wata tsohuwar bas cike da doya ta zo ta wuce ni, kwandastan ya leƙo yana yi mini hannu in matsa gefe. Ni, a cikin wannan motar.

Washegari ina garejin tun kafin ya gama shan koko.

"Baƙin mai, me ka yi wa motata?"

"Me ta yi?"

"Ba ta ja. Jiya na hau hawan nan kamar jakin da aka labta wa itace."

Bai yi musu ba, bai zage ni ba, ya ajiye kofi ya ce to mu duba.

Muka fara daga inda ake farawa. Muka kwance fulogai muka jera su a kan kwali. Bakinsu ruwan ƙasa, a bushe, ba baƙin hayaƙi ba mai, yadda ake so. Duk da haka ya sa sababbi. Na koma hawan, ba canji. Mako na gaba muka bi hanyar mai. Muka juye na tanki ko an sayar mini da mai haɗe da kananzir, muka canza matatar mai, muka zare tiyo muka ga famfo na fesowa da ƙarfi. Muka cire matatar iska gaba ɗaya na tafi ba ita. Ba canji. Na ce to salansa ce ta toshe, inji ba ya samun fitar da numfashi. Muka kwance ta, na ratsa Sabon Gari da ƙara har 'yan acaɓa na toshe kunne suna zagina, na isa hawan, ƙara ta ƙaru amma ƙarfi na nan inda yake. Muka duba dilko mai raba wa fulogai wuta, muka duba taimin, muka saita bawul. Muka gwada kuloci ko shi ke santsi yana cinye ƙarfin a hanya, muka ga yana kamawa tsam. Daga ƙarshe ya aro agogon da ake auna matsin fiston da shi, muka bi silinda ɗaya bayan ɗaya, allurar na tsayawa kusan wuri guda a kowace. Injin nan lafiyarsa ƙalau.

Duk wannan wahala bai karɓi ko sisi ba, wani lokacin har kayan shi ke sayowa. Na ɗauka zumunci ne.

Akwai yadda ake aiki a gareji, kowa ya saba, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Mai mota na zaune a sitiyari, bakanike na tsaye a gaban bonet. In ana son jin inji sai ya ɗaga murya ya ce ba ta wuta, ka taka. In bai gamsu ba sai ya ce ɗaga ƙafarka, ya sa hannu ya ja ƙarfen totur da ke jikin kafireta da kansa. Haka muka yi ranar da muka gama awon fiston. Ya ce in ba ta wuta, na taka, ta yi ƙara irin ta kowace mota da ke tsaye ba kaya. Ya ce in ɗaga ƙafa. Ya sa babban yatsa ya fizgi ƙarfen har ƙarshe. Sai ga gurnanin nan da na yi watanni ina nema, ya cika rumfar har kwanon rufi na karkarwa. Masu faci da ke maƙwabtaka da shi suka juyo suna kallo.

Ya saki, ya ɗauki tsumma yana goge hannu, bai dube ni ba.

"Ka ji da kunnenka, Ɗan boko. Maƙogwaro biyun duk suna buɗewa."

"To me ya sa ba ta yi mini haka a hanya?"

Ya daɗe yana goge hannun da ya riga ya goge. Sannan ya ce, da irin muryar da ake yi wa majinyaci magana, "Ka ƙara wa ƙafar lokaci, mutumina. Jiki ba inji ba ne."

Ina zaune a cikin motar, ƙofa a buɗe, na sunkuya na dubi ƙafata a cikin takalmi. Na danna totur, a jina har ƙasa. Amma likita ya riga ya gaya mini jin nawa ba abin dogara ba ne. Ban san lokacin da na kifa kai a sitiyari ba. Namiji da furfurarsa, a tsakiyar Sabon Gari da rana tsaka, ina kuka kamar an yi mini rasuwa. Ya zagayo ya dafa kafaɗata, ya ce in yi haƙuri, Allah da ya kawo ciwon shi zai kawo sauƙi. Ya tsallaka titi da kansa ya sayo mini ruwan sanyi.

Da na gaya wa matata sai ta ce ai dama ta lura ina ɗan jan ƙafar in na gaji, ba ta so ta faɗa ne kada hankalina ya tashi. Ni ban taɓa lura ba. Daga ranar na fara lura.

Mutum in ya daina yarda da ƙafarsa, ba a totur abin ke tsayawa ba. Na fara tunanin birki. In ban iya danna totur har ƙasa ba, ranar da wani zai gitta gabana a Masaka fa? Na daina zuwa Abuja da ita, na koma bin motar haya. A cusa mu a baya kamar buhuna, ƙafar ta yi tsami a cunkoson Mararaba, in sauka ina ɗingishi, in ce wa kaina ka gani ko, ciwon ne. Na sayi sanda. A masallaci na koma ƙarshen sahu jikin bango, ina salla a kan kujera tare da tsofaffin da suka girme ni nesa ba kusa ba. Na koma asibiti, matar da ke yi mini gashi ta sa na tura hannunta da ƙafar, ta ce ƙarfinta ya dawo. Na ce a raina ita me za ta ce, ai ƙarfafa wa mutane gwiwa ne aikinta, ni kuwa na ga shaida a gareji. Kafin shekara ta zagayo na nemi a sallame ni daga aiki, saura kaɗan in kai matakin da na ƙare ƙuruciyata ina hari. Abokan aiki suka yi mini walima, suka ba ni agogon bango. Matata ta ce gara haka, hutu ya fi mini. Aminina, da na je neman shawararsa kafin in yanke, shi ma ya ce gara haka.

Motar ta zauna a tsakar gida ƙarƙashin tamfol. Duk fitowar da zan yi sai na gan ta, ganin kuma na ci mini rai. Na baza labari cewa ta sayarwa ce.

Wanda ya zo wani malamin jami'a ne, ɗan ƙabilar Mada daga wajen Akwanga, mai son tsofaffin motoci. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce ba zai yi ciniki ba sai ya tuƙa. Na ji kamar in ce a fasa, amma mai sayarwa ba shi da doka. Na miƙa masa makulli, na zauna a kujerar da ban taɓa zama a cikinta ba. Da kansa ya ɗauki hanyar garinsu. A gindin hawan ya sauko da giya yadda ya kamata, ya taka. Ni ƙafarsa nake kallo. Ƙafa ce ta ƙato lafiyayye, ya danna har na ji ƙarfe ya bugi ƙasa. Motar ta ci gaba da tafiyarta ta jakin itace.

"Oga, wannan mota ba shi da pawa fa," ya ce. "Kamar wani ya riƙe shi ta baya."

"Sake takawa."

"Na taka har ƙasa, Oga. Duba mana."

"Don Allah, Malam, sake takawa."

Ya sake. Sai na fashe da dariya. Ya juyo ya dube ni, mutum ana kushe hajarsa yana dariya har da buga cinya. Da muka dawo ya ce zai yi shawara, na san ba zai dawo ba, na kama hannunsa da hannu biyu ina godiya. Ban taɓa murna don an raina motata ba sai ranar.

Niyyata ta farko in ruga Sabon Gari in gaya wa aminina cewa mun yi kuskure, ba ƙafar ba ce. Mun yi kuskure, haka na faɗa a raina, ni da shi. Na kira shi aka ce ya tafi Nasarawa ɗaurin aure sai jibi. Na kasa jira. Na zauna na yi lissafi yadda ya koya mini. In aka ja da hannu maƙogwaro na biyu na buɗewa. In aka taka da ƙafa ba ya buɗewa, ko tawa ko ta ƙaton malamin. To ciwon na tsakanin ƙafa da kafireta ke nan, kuma ba abin da ke tsakaninsu sai igiyar totur. Duk watannin nan ba mu taɓa duba ta ba, don ni ban taɓa tsayawa a gaban bonet ana taka totur ba. Kullum ni ne mai takawa.

Da safe matata ta tafi islamiyya. Na yaye tamfol, na buɗe bonet, na cire matatar iska. Ina buƙatar mai taka mini, gidan kuma ba kowa. Na shiga madafa na ɗauko taɓarya, na tokare kanta a totur, gindinta a jikin kujera, na turo kujerar gaba har totur ya manne da ƙasa. Ban ta da inji ba. Na zagaya, na haska fitilar waya a cikin kafireta. Maƙogwaro na farko ya buɗe, shi ma ba duka ba. Na biyu a rufe gam. Na sa yatsa na ja ƙarfen, ya tafi sauran rabin hanyarsa cikin sauƙi, na biyun ya wangame.

Har a lokacin murna nake yi. Na ce igiya ce ta saki don tsufa, aikin ɗaure noti ne. Na taɓa ta, na ji ta a miƙe tsam, ba saki ko kaɗan. Notocin da ake saita ta da su suna nan da ƙurarsu. Sai na bi ta zuwa ɗaya bakin. Na cire taɓarya, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar motar, na kwanta rigingine na cusa kai ƙarƙashin sitiyari.

Ƙarfen da ake takawa dogo ne, yana lilo a kan ƙusa. Ka danna ƙasansa, samansa ya ja igiya. A can ƙarshen sama hujin igiyar yake tun daga inda aka ƙera motar, ni na sani, don ni na maƙala ta da hannuna lokacin da muke haɗa ta. Yanzu igiyar ba ta nan. An cike hujin da danƙo, an shafa baƙin fenti a kai. Can ƙasa, kusa da ƙusar, inda ƙarfen ba ya tafiya da nisa, an huda sabo, an maƙala igiyar a ciki. Ko giwa ce ta taka, rabi za ta ja. Kuma aiki ne mai kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. An goge bakin hujin sumul, an sa giris, an lanƙwasa ƙaramar ƙusar da ke riƙe igiyar baki ɗaya gaba baki ɗaya baya. Na yi shekaru ina miƙa wa mai wannan lanƙwasar noti. Na san hannunsa kamar yadda na san rubutuna.

Na daɗe a kwance a wurin, ƙafafuna a waje a kan tabarma. Fulogai da muka jera a kan kwali. Salansa da muka kwance. Agogon da ya je ya aro, yana karanta mini allura da fuskar mai neman gaskiya. Duk yana sane, ciwon na nan tsakanin ƙafafuna, shi ya sa shi. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, kuma ban san akwai fushin da ke sa jikin mutum ya yi sanyi ba sai a ƙarƙashin sitiyarin nan.

Na kankare danƙon da sukudireba, na mai da igiyar hujinta. Na je hawan. Gurnanin ya zo, kujera ta turo ni, na wuce tirela da bas kamar a tsaye suke, da ƙafata, wannan dai da na saya wa sanda. Na ɗauka zan yi ihu don murna. Na kai ƙarshen hawan na gangara gefen titi na tsaya, ban ji komai ba sai ɗaci.

Ranar da aminina ya dawo na shiga garejin da motar na tsaya a gaban rumfarsa. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ban yi sallama ba. Na danna totur har ƙasa na saki. Na ga ƙafafun sun daina motsi. Can ya jawo jiki ya fito, ya zauna a ƙasa.

"Ka gano," ya ce.

"Na gano."

"Hajiya ce ta zo nan tana kuka, kana asibiti. Ta ce in ba a yi wa motar nan wani abu ba, ita za ta ƙarasa ka. Cewa ta yi in lalata injin, in ce maka ya buga. Na kasa, kai ma ka san ba zan iya ba. Na ce bari in rage mata ƙarfi kawai, ka riƙa zagaya gari da abarka. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba."

"Wannan na ji. Da a nan ka tsaya, da na zage ka ka zage ni an wuce wurin. Ranar da na yi kuka a nan fa? Ka ce mini ƙafata ce."

"Ban ce ƙafarka ce ba. Cewa na yi ka ƙara mata lokaci."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Na sayi sanda, ka gani da idonka. Na zo nan na zauna a kan bencin can na ce zan ajiye aiki, ka ce gara haka."

"Wallahi na sha yin niyyar faɗa maka. In na buɗe baki sai in tuna rantsuwa, sai kuma in ga abin ya yi nisa, ta ina zan fara." Ya ɗago. "Ai dai kana raye, Ɗan boko."

Na ce masa kada ya ƙara kirana da sunan nan. Na ja motata na fita.

Matata na zaune a tsakar gida tana gyaran alayyafo. Ba ta jira na yi magana ba.

"Na ji muryar motar tun daga bakin layi," ta ce. "Alhaji, ka yi fushi da ni iya son ranka. Ni na ɗaga ka daga bakin rijiyar can, bakinka a karkace, kana kirana ba na gane me kake faɗa. Kai ba ka ga kanka ba, ni na gani."

"Da kin gaya mini tsoronki."

"Da ka ji?"

Na bar wannan, don mu duka mun san amsar. Na ce, "Jan ƙafar da kika ce kin lura ina yi fa?"

Hannunta ya tsaya a kan ganyen. "Ba ka ja," ta ce. "Daga baya ne ka fara."

"Aikina fa?"

"Ban ce ka bari ba. Amma ranar da ka bari sai da na yi sadaka. Hanyar Abujan nan mutum nawa ta ci a unguwar nan kaɗai?"

"Yau da za a koma baya, za ki sake?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Zan sake."

Duk wanda ya ji labarin bayanta ya bi. Ƙanena ya ce in gode wa Allah da ya ba ni mace mai tsoron rasa ni. Dattawan masallaci suka ce ƙauna ce, in yafe. Ban musa ƙauna ce ba. Amma ba ɗayansu da ya yi shekara yana kallon ƙafarsa lafiyayya kamar abokiyar gaba, ba ɗayansu da ya miƙa makullin ofishinsa da hannunsa saboda hujin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na jefar da sandar, na koma tsakiyar sahu. Aiki kuwa ba ya dawowa, an riga an ba wani kujerar. Aminina muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, mu yi musabaha, ya tambayi iyali in ce lafiya. Ni da matata muna nan, tana dafawa ina ci, tana miƙo mini maganin hawan jini a kan lokaci ina karɓa.

Kwanakin baya muka je asibiti duba lafiya kamar yadda aka saba. Aka auna ni, aka ɗebi jini. Ina cikin ɗaki ina mai da maɓallan riga, ita ta riga ni fita, na hango ta a baranda tana magana da likita ƙasa-ƙasa. Da na fito ta tare ni da murmushi, ta ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji, ya ce komai lafiya lau." Na dubi fuskar nan da na yi fiye da rabin rayuwata ina karantawa, na kasa gane komai a cikinta. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Na ce alhamdu lillahi, muka dawo gida.

Washegari na ce mata zan je aski. Na hau keken haya na tafi can ƙarshen gari, wani kemis da ba wanda ya san ni ko ya san gidana. Na naɗe hannun riga na ce a auna mini hawan jini, kuma a juyo da agogon awon wajena in gani da idona.